Gizakar Magaryar Baba

Da Baba ya yi ritaya daga aikin malamin gona, sai ya koma gidanmu na Roni ya zauna. Ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, zuwa gona ya gagare shi. Abin da ya ɗauke masa kewa shi ne magaryar tsakar gida da gizakar da ke cin ganyenta, tsutsar nan mai gashi buzu-buzu. Ya tsinci bakwai ya zuba a tsohuwar robar fenti, ya rufe bakin da yankin gidan sauro. Kullum da hantsi sai ya tsinko musu sabon ganye.

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ranar da na zo hutu daga Kazaure ya buɗe mini robar.

"Uwata, duk tsawon aikina kashe su na koya wa mutane, ban taɓa tsayawa na ga abin da suke zama ba. Akwai wata faɗa-wuta mai ruwan toka da ke lafewa a jikin bishiyar, da baƙin zane a fiffikenta kamar wuƙa. Ina zaton ita ce uwarsu."

Na ce, "Allah ya nuna mana, Baba," amma tsigar jikina tashi take yi.

Kwana biyu bayan haka wata gizaka ta faɗo cikin mayafin da na shanya. Na yafa ban sani ba, wuyana ya yi ruɗu-ruɗu, na yini ina susa. Ranar Juma'a, da aka ɗauki Baba a babur zuwa masallaci, na zaro tsohon famfon feshinsa, na haɗa maganin ƙwari na wanke magaryar tas. Ko tunawa da robar ban yi ba.

Washegari ina wanke-wanke na gan shi yana dogara sanda, yana tsinkar ganyen. Na buɗe baki, sai kunya ta kama ni. Na ce a raina ai raɓa ta wanke maganin. Ina kallo ya zuba musu.

Kafin la'asar duk sun nannaɗe, ba mai motsi. Ya daɗe yana juya su da tsinke.

"Laifina ne," in ji shi. "Na bar su a rana."

"Sai haƙuri, Baba," na ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma da Lahadi na koma Kazaure.

Sai lokacin kaka ne Inna, mahaifiyata, ta gaya mini sauran. A yammacin da tsutsotsin suka mutu Baba ya tarar da famfon a jiƙe a bayan rumbu. Ya sansana, ya wanke shi da kansa ya rataye, ya ce mata kada ta kuskura ta yi mini maganar.

Har yau duk Juma'a ina kiransa a waya. Mukan yi hirar ruwan sama da ƙafarsa da jikokinsa. Sau da yawa nakan shirya neman gafara, sai in ji ya ce, "To Uwata, Allah ya yi miki albarka," ni kuma in amsa da amin in kashe wayar.