Daren da Na Saukar da Jirgi Kan Albasar Surukina

A lokacin ni ɗan kabu-kabu ne a Argungu, mai sabon babur da son a sani. Ina neman wata yarinya a wani ƙauye ta wajen Augie, amma mahaifinta, manomin albasa, yana ganin ba ni da natsuwa. Ni kuwa na ɗaura aniyar nuna masa kuskurensa.

A shekarar nan, tsuntsayen jan-baki sun addabi shinkafa, sai wani attajiri ya yi hayar ƙaramin jirgi don feshi. Wata rana aiki ya ja har bayan magariba, mai ya yi ƙasa, jirgin ba zai kai Birnin Kebbi ba. Wakilin attajirin ya tara mu, ya ce mu jera babura sahu biyu a wani fako bayan ƙauyensu yarinyar, mu kunna fitilu matuƙi ya ga wurin sauka, ya kuma ɗora ni jagora. Nan shaiɗan ya shiga. Na ga fakon ya yi nisa, ba wanda zai gan ni ina ba da umarni, sai na matso da sahun dab da gari. Wani dattijo cikinmu ya ce filin ya gajarce, na ce masa ai jirgi ma yana da birki.

Gari ya fito kallo, har da ita da mahaifinta. Da jirgin ya sunkuyo da ruri, wallahi ni na fara juya babur na ranta a na kare, saura suka bi ni da fitilunsu. Matuƙi ya dira cikin duhu, ya zarce, ya tsunduma hancin jirgin cikin rudun da mahaifin yarinyar ya adana albasarsa ta shekara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, matuƙin dai ya fito da karyayyen hannu yana hawaye, wasu na cewa zafi ne, wasu na cewa albasa.

Attajirin ya biya ɓarnar, tsohon ma ya yafe. Yarinyar ce ta aiko ƙanwarta ta gaya mini ta fasa, kuma ba albasa ta dame ta ba, gudun da ta ga na yi ne.

Har gobe hannun bawan Allahn nan yana damuna. 'Yan'uwa, in an ba ku amanar da ran wani ke ciki, ku tsaya inda aka ce ku tsaya, ko ba mai kallo. Ni na nemi a gan ni, an kuwa gan ni.