Ruwan Rijiyar Fadama

Ina ɗanyar amarya a wani ƙauye kusa da Kafur, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, surukata ta miƙo mini farar rigar Baba, mahaifin maigidana, ta ce in wanke. Ita kaɗai ce babbar rigarsa, da ita zai yi karatu a majami'a ranar Kirsimeti. Na gane gwada ni ake yi. Ni kuwa 'yar Funtuwa, ina ji da kaina, na ce a raina yau za su ga wanki.

Na ɗebo ruwa a rijiyar fadama, garau da shi. Na jiƙa rigar a daro tun hantsi don dauɗar wuya ta saki, na tafi sussukar dawa. Ashe matan garin ba sa kai farin kaya kusa da ruwan nan sai ya kwana a randa, jan ya kwanta, an tsiyaye na sama. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Da la'asar na dawo. Wayyo Allah! Ruwa ya juye, riga ta yi ja dabbare-dabbare. Na cuɗa da sabulu har hannuna ya saɓule, na sa bula. Ina!

Maigidana malamin firamare ne, kuma bakinsa ba ya shiru. Wai zai kare ni. Ya tsaya gaban iyayensa yana bayani: akwai ƙarfe narke a ruwan, ba a ganinsa muddin yana can ƙasa inda iska ba ta kai, da ya sha iska sai ya koma tsatsa. Har a gindin teku, in ji shi, lakar sama ja ce, ta ƙasa baƙa, kuma duk ƙarfe ɗaya ne. Teku fa! Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba. Ina bayan zana, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Surukata ta ce, "To Malam, mun ji. Tekun ce za ta ara masa riga?"

Ranar Kirsimeti Baba ya sa rigar haka nan, ya tsaya a gaba kowa na kallo. Bayan an tashi wani dattijo ya tambaye shi wane irin rini ne wannan. Ina cikin mata ina ji ya ce, "Ɗiyata ce ta wanke mini, ta kuwa sha wahala a kanta."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ja gyale na rufe fuska, na yi ta kuka har gida.