Maitama da Yarinyar Gajimare

Wai an ce sarkin Japan da kansa ya bugo wa taubashina Maitama waya yana kuka, yana ba shi haƙuri kan fim ɗin da aka ɓata. Ƙarya ce, ni na ƙaga ta ranar Juma'a. Wayar Maitama ba mai kiranta sai fasinjojin da yake ɗauka a filin jirgin Dulles, can Amurka.

Gaskiyar ta fi daɗi. Muna yara a Fagge, wani ya kawo kaset ɗin katun na Japan, ba fassara, ba wanda ke jin ko kalma ɗaya. Maitama ya zauna gaban talabijin, ya riƙa ba mu labarin daga kansa. Yarinya ce a kwalekwalen takarda, tana tuƙi cikin gajimare, tana neman garin da ruwan sama ke kwana. Haka muka yarda har muka girma.

Yanzu a garin Sterling inda muke zaune, in yana jiran fasinja, sai ya kafa ido a sama har a yi masa hon. Labarin nan shi yake ba 'yarsa Afnan a hanyar makaranta, kullum da sabon gajimare. Komai ka ce wa yarinyar nan da Turanci take amsawa, amma a nan kaɗai za ka ji ta ce da Hausa, "Baba, sai me ya faru?"

Sai ga shi an mai da katun ɗin fim da mutane na gaske. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca: wai ba rai, wai gajimaren kamar audugar katifa. Kowa ya ji haushi ban da Maitama. Har ƙiba ya yi! Yana karanto wa Afnan zagin ɗaya bayan ɗaya, fuska tana sheƙi, don kada ta ce a kai ta. In ta gani, za ta gane labarin Japanawa daban, na babanta daban, kwalekwalen ya nutse.

Ranar Asabar na same su a bakin tafki, suna kallon jirage suna shigewa cikin farin sama. Na ce, "Malam mai fassarar ƙarya, gobe zan kai 'yata Afnan sinima, asirinka ya tonu."

Ko juyowa bai yi ba. "Kai ta mana. In ta dawo ta daina yi mini Hausa, sai ki koya mata, ke da ko gaisuwa ba kya gamawa sai kin ranto Turanci."