Rabin Kek a Hankici

A shagon shayi na kasuwar Carmarthen, wata dattijuwa tana zaune ita kaɗai a bakin taga. Ta ɓalle maɓallan kwat ɗinta har wuya duk da ɗumin wurin, furfurarta a gyare tsaf kamar mai zuwa coci. Ta raba kek ɗinta biyu, tana shimfiɗa farin hankici a kan tebur.

A bayanta mata biyu suna hirar wasan barkwancin da aka nuna jiya a talabijin, na iyalin nan masu kiwon tumaki.

"Uwar cikin wasan ce ke kashe ni da dariya, Menna," in ji ɗayar. "Duk inda ta je sai ta ƙulle wa ɗanta rabin kek a hankici. Ƙato da gemunsa."

"Ai irinsu su ke korar 'ya'ya daga gida."

Hannun dattijuwar ya tsaya cak. Ta waiwaya a hankali.

"Ɗana Emyr ne ya rubuta wasan, 'yan mata," ta ce. "Shekara huɗu bai tako gida daga Cardiff ba, amma kun ga bai manta komai ba."

Matan sun sunkuyar da kai cikin kofunansu. Ni da ke zaune kusa da su, ina jin duk mako dattijuwar takan zauna ta kalli gari yana yi mata dariya, don kawai ta ga sunan ɗanta ya gilma a ƙarshen wasan.

Ta ninke hankicin ba komai a ciki, ta jawo ɗaya rabin. Tana ci, yana ƙin wucewa, tana kora shi da shayi.