Baba Andarawus da Samirar Kirsimeti

Kafin rana ta yi zafi, Baba Andarawus ya riga ya zuba wa awakinsa harawa, ya leƙa rogon da ke bayan gida, ya ɗaure akwatin sifanoni a kariyar keke. Daga gidan gonarsa na gindin dutse zuwa bakin kasuwar Wara tafiya ce mai ɗan dama, kuma tun gashinsa na baƙi yake yin ta. A ƙarƙashin dalbejiya yake zama, da kwanon ruwa na neman huda, da sholishon liƙa faci, da famfon da ya girmi yawancin masu aron sa. Bana ya naɗe tabarmarsa, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa yana ji da kunnensa, tun da mu mun fi iya yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa.

Sana'ar ma ta gaji kafin shi. Babura sun cika gari, masu keke sai tsofaffi da manoman da kuɗin mai ya fi ƙarfinsu. Wata rana yakan wuni bai taɓa taya ko ɗaya ba, yana gyangyaɗi yana korar ƙudaje. Amma bai taɓa fasa fitowa ba. Sunday, wani manomin dawa da ke bin hanyar, ya ce ya sha tarar da shi a tsakar daji tsugune kan keken baƙon da bai san sunansa ba, nasa keken yashe a gefe, abincin ranarsa na hucewa. Kai ne, Baba, mai faci a kan faci, wanda ba ya ce wa talaka ya sayi sabo sai tsohon ya mutu da gaske.

Sai dai babban aikinsa ba a gindin dalbejiya yake ba.

Matarsa Lydia tana da ƙawa, Halimatu. Ƙauye ɗaya aka haife su, kafin ruwan dam ya cinye shi suna yara. Iyayen Lydia suka hau tudu suka kama noma, na Halimatu suka zauna bakin tafki suna su. Da suka yi aure sai suka ɗaure zumuncinsu da kwano ɗaya, wata samira mai murfi, wadda furenninta suka koɗe tuntuni. Ran Kirsimeti Lydia takan kira malami ya yanka akuya don ƙawarta ta samu ci, ta dafa shinkafa da miya, ta cika samirar. Samira takan zauna wurin Halimatu har Sallah, sannan ta dawo cike da waina da bandar kifi. Ba a maido ta fanko. Al'adar mutanen wurin ce: kwanon zumunci ba ya komawa wayam sai an ɓata, ko an yi rasuwa ana mayar wa kowa kayansa.

Andarawus ne ɗan aiken, zuwa da dawowa, shekara da shekaru. Da matan biyu suka tsufa, ƙafa ta daina kai su ga juna, samirar nan ce kawai ke gaya wa kowacce cewa 'yar'uwarta na nan. Waya akwai, amma Halimatu ta ce ba ta yarda da muryar da ba a gani ba. Abin da take saurare shi ne ƙararrawar keken Andarawus daga bakin tungarsu ta masunta.

Kirsimetin bara gwiwarsa ta kumbura har wando bai shiga da daɗi. Ɗansa Elijah, mai acaba a Yauri, ya zo gida hutu, ya ce shi zai kai. Ya kuwa kai, cikin ƙiftawar ido. Ya tarar Halimatu ta sauka bakin ruwa, sai surukarta Yasira, baƙuwar amarya daga wani gari. Aka juye abinci a tukunya, aka wanke samira tas, ya ɗauro ta a babur ya dawo yana fito.

"Inna, ga kwanonki. Har na sa anka wanke miki."

Lydia ta dubi kwanon, ta nemi turmi ta zauna.

"Halimatu ta gani?" in ji Andarawus.

"Ba ta nan, Baba. Mi ya faru?"

"Za ta iske abinci babu kwano," in ji Lydia a hankali. "Za ta ce na amshe kayana don ba ni kai Sallah. Ko ta ce na mutu kuna ɓoye mata."

Elijah ya ce bari ya koma yanzu. Uban ya girgiza kai. "Wanga zamani babur aka aikowa da labarin mutuwa. In ta ji shi sau biyu, zuciyarta ba ta ɗauka. Bar shi."

Washegari da sassafe Lydia ta sake hura wuta, ta cika samirar da abin da ya rage na akuyar. Andarawus ya naɗe ta da zane, ya ɗaure a kariya. Ya gwada hawa, gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Sai ya kama kan keken ya fara turawa, yana dogara shi kamar sanda. Sunday ya gan shi wajen hantsi ya jingina da wata tsamiya, zufa har wuya, leɓe ya bushe. Sunday ya ce ya kawo samirar ya ƙarasa masa.

"Ƙararrawar ta sani, da hannun da ke kaɗa ta," in ji tsohon. "Ba ni ruwa dai in sha."

Sai bayan azahar ya isa tungar. Halimatu tana bakin ƙofa, ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, tana jiran ɗanta Hamza ya fito daga ruwa ya nemo mata abin hawa. Abincin jiya na nan cikin tukunya, ko murfin ba ta ɗaga ba. Tun daga nesa Andarawus ya shiga kaɗa ƙararrawa, bai daina ba har ya tsaya gabanta.

"Tana da rai?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

"Tana da rai, Halimatu. Yaro ne yay yi sauri. Ga kwanonki."

Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta rufe. Sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun jiya. Da ta gama ta share ido ta hau shi da faɗa, wai tsoho da shi zai kashe kansa a hanya. Shi dai yana zaune kan kwale-kwalen da aka kife, ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa.

Bai iya komawa da ƙafarsa ba. Elijah ne ya zo ya ɗauke shi, keken ya kwana can, kuma tun daga ranar gwiwar ba ta sake yarda da feda ba. Abin da tafiyar ta ci masa ke nan, ya kuma san za ta ci tun kafin ya fita.

Da Sallah ta zo, yana zaune ƙofar gida yana ɓare masara, sai ya ji ƙararrawarsa daga hanyar gona. Hamza ne, masunci, ƙato da shi, yana tangaɗi kan keken kamar ranar ya fara koyo, samira ɗaure a baya tana ƙamshin waina. Lydia ta fito da ludayi a hannu. Andarawus bai tashi ba, cewa kawai ya yi, "Sarƙar tana son mai."

Mun gode, Baba Andarawus. Kai ne ka riƙe hanya tsakanin tudu da bakin ruwa, tsakanin Kirsimeti da Sallah, ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya taɓa tafa maka. Allah ya sassauta wa gwiwar nan, ya ba ka hutun da ka daɗe kana bi.

Mu kuma da muka rage, masu babura da wayoyi da gaggawa, kowa yana da tsohon da ke sauraren wata ƙararrawa. A je masa, ko da turawa za a yi. In kuma an aike ka da kwano, ka tambayi masu shi kafin ka wanke.