Lambar da Tabawa Ta Sayo a Kumashi

Duk wanda ya sayi goro a Babbar Kasuwar Yamai a shekarun da aka karɓi mulkin kai, ya san Tabawa. Bagobira ce daga wajen Maraɗi, gajera, mai faɗin murya. Idan ta kira mai ruwa daga rumfarta, masu ruwa biyu ke amsawa. Ba ta iya karatu ba, amma ba a yi mata wayo a kan kaya. Goro ta duba shi sau ɗaya ta gaya maka ko da tsutsa a ciki. Azurfa kuwa ta sake ta bisa dutse, ta karkata kunne, ta ce maka ta gaske ce ko kuwa maƙeri ya yi maka wasa.

Mijinta Sarjan Mumuni ne, Bazabarme haifaffen Yamai, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a ƙetaren teku ya dawo da ɗingishi da lamba guda. Lambar ta tagulla ce, da takubba biyu a gicciye, da ɗan kan mace a tsakiya. Kowace ranar biki sai ya goge ta da toka da lemun tsami, ya maƙala a tsohuwar rigarsa ta kaki, ya aza jar hula, ya tafi wurin ƴan'uwansa tsofaffin soja su jeru su wuce gaban jama'a. Hausarsa ta kasuwa ce, yana mayar da mace namiji, Tabawa kuma ba ta taɓa barin ko ɗaya ta wuce ba.

Sai gobara ta tashi a layinsu a unguwar Bukoki. Lokacin yawancin ɗakunan na kara ne da ciyawa, kafin a kawo ruwa wuta ta gama aikinta. Ba a rasa rai ba. Amma akwatin Sarjan ya tafi, da rigar, da takardunsa. Tabawa ta zauna ta tankaɗe tokar ɗakin nan da rariya kamar mai neman garin tuwo, ba ta ga lamba ba. Sarjan ya je biro, ofishin hukuma, ya roƙi a ba shi wata, aka ce sai ya kawo takarda, takarda kuwa ta zama toka.

An sake ɗaki, an ɗinka wata riga, amma mutumin bai sake zama daidai ba. Ya daina zuwa gindin itacen bedin da tsofaffin soja ke shan shayi. Biki ya zo, aka ji ganguna da kakaki daga cikin gari, shi kuwa yana tsakar gida yana gyara ƙafar kujerar da ba ta karye ba. Abokinsa Mutari ya zo har ƙofa yana kira.

“Ka ce masa ba ni nan,” in ji Sarjan ga matarsa.

“Ki ce ake cewa, Bazabarme. Kuma yana jin ka.”

Bai yi dariya ba. Wannan shi ya tsorata Tabawa fiye da gobarar.

Da lokacin sarin goro ya yi, ta ɗaure kayanta, ta haye kogi a jirgin fito, don ba a yi gada ba tukuna, ta shiga kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Gana. Ta saba da hanyar: ƴan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, da facin taya, da kwana a tasha. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne wannan karon ba goro kaɗai ya kai ta ba.

A Kumashi, bayan ta gama da masu goro, ta yi tambaya a Zango aka nuna mata wani dattijo mai suna Alu, mai sayar da tsofaffin kaya. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa: maɓallai, da kan bel, da agogon da ba ya tafiya, da kwano cike da lambobin soja. Wasu, ya ce, masu su ne suka kawo da yunwa ta matsa. Bai ce komai ba game da sauran, waɗanda maƙeran bayan kasuwa ke zubawa saboda Nasara masu yawon buɗe ido.

Tabawa ta durƙusa, ta jawo dutse. Ta saki ta farko, ta ji ƙarar ta mutu nan take.

“Wagga tsohuwar tukunya ce, Baba.”

“Haba ƴata, daga yaƙin Bama ta zo.”

“To ta dahwa wake a hanya.”

Alu ya yi dariya har da tari, ya tura kwanon gefe, ya zaro wani tsumma mai wasu lambobi daga aljihun ciki. Waɗannan kam da ta sake su suka yi ƙara mai tsawo. Ta shafa gefensu da babban yatsa ba ta ji kaushin zubi ba, ta sunsuna, ta duba inda zoben ya ci ƙarfe saboda daɗewa a ƙirjin mutum. Mai takubba biyu dai babu.

“Mijin naki sojan wa ne?” in ji Alu.

“Sojan Nasara mana. Akwai wani?”

Ya buɗe baki zai yi magana, amma idonta ya riga ya faɗa kan wata fara mai nauyi. A fuskarta kan namiji ne da hular sarauta, a bayanta zaki ya taka wata mummunar dabba. Tabawa ta yi lissafinta a zuci: waccan ta da, kan mace ke gare ta, ƙarami kamar ƙwayar gujiya, kuma ita dama ba ta taɓa gane dalilin da za a ba namiji jarumi hoton wata mace ya rataya ba. Ga sarki, ga zaki. Ta biya, ta ƙulle ta a bakin zane, ta hau mota tana jin nauyinta a ƙugu har Yamai.

Ta iso ana jibi biki, ta daure ta ɓoye ƙullin. Ranar bikin da safe ta kawo masa koko, ta ajiye ƙullin kusa da kwanon.

Sarjan ya kwance. Ya juya lambar, ya sake juyawa. Ya daɗe yana kallon kan nan mai hula.

“Ta gaske ce,” in ji Tabawa. “Na gwada ta bisa dutse.”

“Ta gaske ce.”

“To mi?”

“Tabawa, wanga sarkin Ingila ne.”

“Ba duka yaƙi ɗaya kuka yi ba?”

“Yaƙi ɗaya. Amma wani ya zuba jininsa ya samu wagga, ba ni ba. In na sa ta, na yi sata gaban mutane.”

Tabawa ta miƙa hannu za ta ɗauke, tana cewa a kai wa maƙeri ya yi mata ƴan kunne, ko a jefa kogi kifi su yi sarauta.

Ya riƙe lambar bai saki ba. Ya tambaye ta yadda ta samo. Ta ba shi labarin Alu da kwanonsa, da tukunyar da ta dafa wake, da yadda kamiyonsu ya kafe a bakin wani rafi suka sauka suna turawa, ita hannu ɗaya a mota hannu ɗaya a ƙugu kar ƙullin ya faɗi. Yana saurare yana girgiza kai. Can sai ya dafa bango ya miƙe.

“Tashi tsaye.”

“Don mi?”

“Tashi dai. Haɗa ƙafa. Ɗaga kai, kar ka kalle ni.”

“Kar ki.”

“Soja ba shi magana a layi.”

Ya ja da baya, ya sara mata, ya zubo wani dogon faransanci da babbar murya har kaji suka watse. Sannan ya matso ya soka lambar a gyalenta, wajen hagu. Da ya sunkuyo zai sumbace ta a kunci, dama da hagu, yadda kwamanda ya yi masa, sai ta yi tsalle baya.

“A'uzubillahi! Da rana tsaka? Haka Nasara ya yi maka kana tsaye?”

Dariyar da ta ƙwace masa, sai da maƙwabta suka leƙo ta kan dangar kara.

Tabawa ta share ido da gefen gyale, ta dubi ƙirjinta, ta gyara ɗaurin zane, ta sa takalmi.

“Ina za ki?” Wannan karon bai yi kuskure ba.

“Wurin fet, wurin biki. Mai lamba ba ta zama gida ran biki.”

“Su Mutari za su cinye ki da ba'a.”

“To zauna ka gyara kujera.”

Ta fita. Ba ta kai bakin titi ba ta ji ɗingishinsa a baya, yana ɓalla maɓallin sabuwar rigar, hular a karkace.

Tsofaffin soja sun fara jeruwa lokacin da suka iso. Mutari ya hango su, ya dubi ƙirjin Sarjan ba komai, ya dubi na Tabawa.

“Kai jama'a! Ingila ta ci Bukoki ba mu da labari! Madam, da wane yaƙi?”

“Yaƙin fiddo abokinka daga ɗaki, wanda ya gagare ka.”

Layin ya ɗauki shewa. Mutari ya sara mata, ya matsa gefe, ya buɗe wuri tsakaninsa da na kusa da shi.

“Shigo, Sarjan. Mu da muka ga inda ka samo taka lambar, ba sai ka nuna muna ba.”

Mumuni ya shiga layi, ya miƙe ƙirji. Aka buga ganga. Tabawa ta kutsa cikin mata a bakin hanya, ta ture wata mai faifan gyaɗa ta samu gaba, ta tsaya nan har ya wuce, yana jan ƙafar hagu, bai saɓa taku ba.