Shugaban Ƙungiyar Tanis

Mervyn Tuckwell bai taɓa iya buga tanis ba, kuma shi ne shugaban ƙungiyar tanis ta garinmu. Ba zaɓensa aka yi ba. Sauran ne suka yi ta ƙaura, wata rana ya waiga ya tarar shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne mai shara.

Tsohon mai askin tumaki ne, aikin ya lanƙwasa masa baya, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Filin tanis ɗin da ƙasar suri aka yi shi, kamar na yawancin garuruwan nan yammacin Queensland, kuma irinsa ba ya rabuwa da ƙishirwa. Sai an yayyafa masa ruwa an ja gangar ƙarfe an danne shi, in ba haka ba ya tsattsage.

A da, kowace Asabar da yamma motoci kan cika gefen filin, mata da kek, maza da giya cikin ƙanƙara. Zuwa bara mutum ɗaya ta rage, Noeleen Pratt, mai 'yan tumaki a hayin rafi, wadda ke lallasa shi duk mako ko gumi ba ta yi.

Zafin da muka saba tara a Disamba, a Satumba ya sauka, ba ko sallama. Tsuntsaye suka jeru a kan waya baki buɗe. Hadari kan haɗo da azahar, ya yi ta gurnani a kanmu, sannan ya wuce ya zuba wa wasu.

Wata Asabar suna shan shayi a inuwar rumfa, Noeleen ta ce, "In ba a yi ruwa kafin Kirsimeti ba, zan sayar da abin da ya rage in koma wurin 'yata a bakin teku."

"Me za ki yi a bakin teku? Ko iyo ba ki iya ba."

"Kai ka iya tanis ne, tsoho? Ga ka nan kuwa."

"Da wa za ki buga a can?"

"Da masu dawo da ƙwallo."

Merv ba shi da iko da sama, sai ya koma kan abin da yake da iko da shi. Ruwan burtsatse gishiri gare shi, yana ɓata ƙasar, don haka ya juya ga tankin ruwan samansa na sha, yana yayyafa wa filin. Ya rage shayi, ya rage wanka. Ni ke riƙe da gidan waya, ɗakin kuma ƙarami ne, zan iya ba da shaida a kan wankan. Ciyawa ta ƙone, madatsun ruwa suka koma taɓo, amma filin tanis bai taɓa kyau irin na bara ba.

Ruwan ya zo ana saura kwanaki Kirsimeti. Ba irin wanda muka sani ba ne, mai jiƙa ƙasa ya tafi. Na shekara guda aka haɗa aka juye mana a tashi ɗaya. Wayar gidan Merv ta mutu, shi ya sa Noeleen ta same shi ta wayar da ke wurina.

"Merv, ina kan kwalta, na kama hanyar bakin teku. Na tsallake rafi da sassafe."

"Ai an yi ruwan. Ke kika ce in an yi ruwa..."

"Ruwa na ce, ban ce ambaliya ba. In na tsaya, sai Fabrairu a sake ganin idona. Tumakin ma an kwashe su tun Talata."

"To Asabar fa?"

"Ka buga da bango. Shi ma zai cinye ka." Sannan ta ce, "Ka riƙa cin abinci, ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Ya miƙo mini wayar, ya tambaye ni ko yana da wasiƙa. Ba shi da ita.

Da ƙasa ta ɗan tsane, ya je kwance ragar filin kada ta ruɓe. Na taso in kama masa, ya ce in koma, takalmana za su ɓata filin. Ragar tanis kuwa mutum biyu ke ninke ta. Sai ya ɗaure baki ɗaya a jikin turke, ya ja ɗayan har ta miƙe, sannan ya tako a hankali zuwa wurin turken, yana ninkewa.